Hukuncin inshorar kwale-kwale da ƙetare bakin teku

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a San-Luwi ta ƙasar Senegal, na haɗa jari da wani masunci muka sayi kwale-kwale mai inji. Kullum sai ya ratsa mashigar da kogi ke haɗuwa da teku, inda ake yawan kifewa. Ya halatta in yi masa inshora? In na yi, zan iya sa yara su fita ko da teku ya tashi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Tambayarka ba sabuwa ba ce. Ibn Abidin, malamin fiƙihun Hanafiyya wanda ya rasu a 1836, ya yi magana kan kuɗin da 'yan kasuwa ke biya don lamunin kayansu a jiragen ruwa, bai halatta karɓar diyyarsa ba. A 1985 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta haramta inshorar kasuwanci saboda gararin da ke cikinta, wato rashin tabbas kan abin da mutum zai samu a ciniki, domin Annabi (SAW) ya hana cinikin garari, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Amma Majalisar ta halatta inshorar taimakekeniya, wato takaful. Shaihu Mustafa Zarƙa, malamin fiƙihu ɗan Siriya, ya saɓa, ya halatta ta kasuwanci, amma na fi natsuwa da maganar jamhuru, wato mafi yawan malamai. Nemi takaful, ko ku masu kwale-kwale ku kafa asusun gudummawa. In hukuma ta tilasta yin ta kasuwanci, yi, babu laifi a kanka.

Sai dai rabin tambayar na biyu ya fi damuna. Mashigar nan an haƙa ta a Oktoban 2003 don ceton gari daga ambaliya, faɗinta mita 4 kacal, ta yi ta ci har ta kai kilomitoci, ta kuma ci masunta da yawa. Yashi ne ke taruwa a ƙasa. Idan ruwa na janyewa ya ci karo da igiyar da ke shigowa, sai igiyar ta miƙe tsaye ta karye a kan kwale-kwale. Inji ya mutu a nan, shi ke nan.

Inshora katako da inji take biya, ba ta taɓa hukuncin rai. Allah Ya ce kada ku jefa kanku cikin halaka (Baƙara, 195). Idan masana wurin sun rinjayar da zaton halaka, fita haramun ce. Ka matsa wa yara suka fita suka nutse, kana da zunubi, kuma alƙali zai duba lamunin da ke wuyanka. Idan teku ya lafa, aka jira cikowar ruwa, kowa da rigar ceto, to su fita neman halalinsu.

Wallahu a'alam.