Noma Ba Sinadari: Amsoshin Tambayoyin Manoma

Tambaya: Bana na bar takin zamani gaba ɗaya, na zuba kashin shanu ana saura mako guda shuka, sai ga masarata ta yi rawaya ta ƙi tashi. Ina na kuskure?

Malam, takinka ba shi da laifi, lokacin zuba shi ne ka kuskure. Ɗanyen kashin shanu, musamman wanda ya cakuɗe da kara da ciyawa, bai zama abincin shuka ba tukuna. Sai ƙananan halittun da ke cikin ƙasa sun ruɓar da shi, kuma yayin da suke wannan aiki su ma suna cin naitirojin, wato sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar. Sai ya zamana suna kokawa da masararka a kan abinci ɗaya, ita ce kuma ke shan kashi. Rawayar da ka gani ke nan. Ga irin ciyawa da ɗanyen taki ke kawowa gona, ga ƙona saiwa idan na kaji ne.

Tun da rani ake fara aikin. Ka samu inuwa, ka shimfiɗa busasshen kara da ganye kamar taƙi guda, ka ɗora ɗanyen ganye da kashin dabba a kai, ka barbaɗa 'yar toka da ƙasa, ka yayyafa ruwa. Haka za ka yi ta jerawa hawa-hawa har tulin ya kai ƙugunka, sannan ka rufe da ciyawa. Ka soka doguwar sanda a tsakiya. Bayan kwana uku ko huɗu ka zaro ta: in ta yi zafi, aiki ya kankama. Cikin tuli mai kyau yakan kai maki 55 zuwa 65 a ma'aunin zafi, kuma wannan zafin ne ke kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. In sandar ta fito da sanyi a bushe, ƙara ruwa. In tana wari, ruwan ya yi yawa, ƙara busasshen kara. Duk mako biyu ko uku ka juya shi, na waje ya koma ciki. A wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi laushi, ya riƙa ƙanshin ƙasar farkon damina.

Idan bai da yawa kada ka watsa shi ko'ina. Cikin tafi ɗaya ko biyu a ramin shuka ya fi amfani.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne kalmar “gaba ɗaya”. Gonar da ta shekara da shekaru a kan takin zamani da feshi ba ta farfaɗowa a damina ɗaya, kuma amfani yakan ragu a shekarun farko. Hatta hukumomin da ke ba da shaidar irin wannan noma sai gona ta yi shekara 2 zuwa 3 ba sinadari kafin su amince da ita. Mai iyali ba ya gwaji da abincin gidansa duka. Ka yanki kashi ɗaya cikin huɗu ka fara da shi, in ya karɓa ka ƙara baɗi. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambaya: Ƙuduji ya cinye mini gonar dawa. In ban yi feshi ba, me zan yi?

Ƙuduji alama ce ta gajiyar ƙasa. Tushe ɗaya yana zubar da iri dubbai, irin kuma yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 yana jira. Ba ya tsirowa sai ya ji wani ruwa da saiwar hatsi ke fitarwa, daga nan ya maƙale mata yana tsotsa tun kafin ka gan shi a sama. To, saiwar waken soya da auduga da gyaɗa su ma suna sa shi tsirowa, amma ba ya iya kama su, sai ya mutu da yunwa. Don haka ka hutar da gonar daga dawa da gero da masara, ka shuka waɗannan damina biyu. Wanda ya fito kuma ka tuge shi kafin ya yi fure, ka fitar da shi daga gonar ka ƙona. Wanda ya tuge bayan ya yi iri ya yar a kwarin kunya, shuka shi ya yi.

Gyaɗa da waken soya suna da wata riba. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, kuma 'yan ƙullutun nan da ke jikin saiwarsu su ke janyo shi. Ka tuge tushe ɗaya ka fasa ƙullutun da farce: in cikinsa ja-ja ne, yana aiki.

Tambaya: Ina da lambun tumatir da alayyahu. Na jiƙa ganyen darbejiya na fesa, washegari na tarar da ƙwarin suna nan da ransu.

Hajiya, darbejiya ba ta kisan nan take, kuma nan ne mutane da yawa ke yanke ƙauna da ita. Aikinta shi ne ta hana ƙwaro cin abinci, ta hana tsutsa sake fata ta girma, sai ki ga sun ragu bayan kwanaki. Sannan ƙarfinta a ƙwallo yake, ganye bai kai shi ba. Ki samu busassun 'ya'ya, ki ɓare, ki daka giram 50 na ƙwallon ga kowace lita ɗaya ta ruwa, ki jiƙa ya kwana. Da safe ki tace da ƙyalle mai laushi, ki narka ɗan sabulu a ciki don ya kama ganye. Ki fesa da yamma, domin rana tana kashe ƙarfinsa, ki kuma bi ƙarƙashin ganye inda ƙwarin ke ɓuya. Duk mako ki maimaita da sabon haɗi. In kin ga gizo-gizo da zanzaro a lambun ki ƙyale su, ma'aikatanki ne.

Tambaya: An ce in jiƙa ganyen taba in fesa, tunda shi ma tsiro ne.

Kada ka yi. Gubar taba tana shiga jikin mutum ta fata, tana kashe ƙudan zuma, kuma ƙa'idojin noman da ba sinadari sun hana ta.

Tambaya: Tsutsar nan mai cin zuciyar masara fa?

Asalinta daga nahiyar Amurka take, a 2016 aka fara ganinta a Afirka. Maganinta na farko ƙafarka ce, ɗan'uwa. Daga tsirowa har masara ta kai ƙirji, ka zaga gonar sau biyu a mako da sassafe. Uwar tana saka ƙwai a dunƙule, 100 zuwa 200 wuri guda a jikin ganye, in ka murje dunƙule ɗaya ka gama da su duka. Inda ka ga ganye ya huhhuje da kashinta kamar dusa, ka zuba ɗan yashi da aka gauraya da toka a zuciyar masarar, ko ruwan darbejiya. Tana ƙarama wannan ke cin ta, in ta ƙosa sai dai ka zaro ta da hannu. Ka yi shuka da ruwan farko tare da maƙwabtanka, domin gonar da ta makara ita ce tsutsar ke taruwa a kai.