Shin da Gaske ne Roma Ta Ɓoye wa Jama'a Littafi Mai Tsarki?

TAMBAYA: Malam, ni 'yar Furotesta ce tun kaka da kakanni, mijina kuwa ɗan Katolika ne, kuma shekara 9 ke nan muna zaune lafiya. A Kirsimetin da ta wuce gardama ta kaure tsakanin ƙanena da yayan mijina ana cikin cin abinci. Ƙanena ya ce Roma ta shekara dubu tana ɓoye wa talakawa Littafi Mai Tsarki, ta kulle shi cikin harshen Latin, ta ɗaure shi da sarƙa, ta kuma ƙone waɗanda suka fassara shi. Yayan mijina ya ce duk ƙage ne, ba a taɓa hana kowa karantawa ba. Sai da surukata ta tsawata sannan aka yi shiru. Wane ne yake da gaskiya a cikinsu? Daga wata mai karatu a Kafanchan.

AMSA: Malama, kowannensu ya riƙe wani yanki na tarihi ya saki saura, domin babu wata doka guda da ta hana dukan Kiristoci karanta Littafi Mai Tsarki a kowane zamani, amma kuma an yi hani na gaske, rubutacce, a wasu ƙasashe da wasu shekaru, har rayuka suka salwanta. Saboda haka duk wanda ya ce an hana, ko ya ce ba a hana ba, abin da ya kamata a fara tambayarsa shi ne a ina, kuma yaushe.

Maganar Latin ita ce mafi rauni a hujjojin ƙanenki. Lokacin da malamin Kirista Jerome ya soma aikin fassararsa a shekarar 382 bisa umarnin Paparoma Damasus, Latin shi ne harshen kasuwa da na gida a yammacin daular Rum, wato aikin nasa sauƙaƙa wa jama'a ne. Abin da ya faru shi ne, harshen baki ya yi ta sauyawa har ya haifi Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci, shi kuwa littafin ya tsaya inda yake, sai aka wayi gari manomi yana jin karatu a majami'a ba ya fahimta. Ban da wannan, mafi yawan mutane ba su iya karatu da kowane harshe ba, kuma littafi dukiya ce mai tsada ƙwarai, tun da da hannu ake rubuta shi a kan fata. Ko bayan da Gutenberg ya buga nasa da inji a birnin Mainz wajajen 1455, kowane kwafi na fata ya ci fatar maruƙa kimanin 170. Wanda ya san farashin fata a hannun majema zai gane dalilin sarƙar nan da ake yawan ambata: don ɓarayi aka sa ta, kamar yadda ake ɗaure moɗa a bakin randar masallaci ko ta coci domin kowa ya sha ya bar wa na baya. Hasali ma, da Sarki Henry na Takwas, bayan ya raba gari da Roma, ya sa aka ajiye fassarar Turanci ta 1539 a majami'un Ingila, ita ma da sarƙa aka ɗaure ta a wurare da yawa.

Sai dai yayan mijinki ma ya wuce gona da iri. A 1229 taron bishop-bishop na Toulouse, a kudancin Faransa, ya hana waɗanda ba limamai ba mallakar littattafan Tsohon Alkawari da na Sabo, in ban da Zabura da littattafan addu'a, ya kuma haramta fassara su zuwa harshen jama'a. Gaskiya ne dokar ta yankin ce kawai, kuma an yi ta ne a ƙarshen yaƙi da 'yan ɗariƙar Kathar, waɗanda Roma ta ɗauka masu karkatacciyar koyarwa, amma hani hani ne. A Ingila abin ya fi tsanani. Bayan da almajiran wani malamin addini, John Wycliffe, suka yaɗa fassarar Turanci a ƙarshen ƙarni na 14, Babban Bishop Thomas Arundel ya kafa doka a 1409 cewa kada wanda ya sake fassara nassi ko ya karanta sabuwar fassara sai da izinin bishop. Shi kansa Wycliffe ya mutu a 1384, amma a 1428 aka tone kabarinsa, aka ƙone ƙasusuwansa, aka watsa tokar a kogi.

Abin mamaki shi ne, a daidai wannan zamani Jamus tana cikin wani hali dabam. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Jamusanci a Strasbourg a 1466, kuma kafin Martin Luther ya fitar da Sabon Alkawarinsa a 1522 an riga an yi bugu 18 na Jamusanci. An buga na Italiyanci a Venice a 1471. Don haka masu cewa Luther ne ya fara ba Bajamushe Littafi Mai Tsarki da harshensa sun yi kuskure; abin da ya yi shi ne ya fassara daga Helenanci da Ibrananci, da Jamusanci mai daɗin ji, a lokacin da injin buga littafi ya karya farashi.

Labarin wani malami ɗan Ingila, William Tyndale, ne ya fi nuna ainihin abin da ake faɗa a kansa, shi ya sa zan ɗan dakata a nan. Ya nemi izinin Bishop na Landan, Cuthbert Tunstall, domin ya yi fassara, bai samu ba, sai ya tsallaka Jamus ya buga Sabon Alkawari da Turanci a birnin Worms a 1526, 'yan kasuwa suka riƙa shigar da shi Ingila a ɓoye cikin kayansu. Bishop ɗin ya sa aka ƙone kwafin da aka kama a bainar jama'a. Abin da ya fi ƙona wa hukumomi rai shi ne zaɓin kalmomi: inda aka saba jin “coci” ya sa kalmar da ke nufin taron jama'a, inda aka saba jin “firist” ya sa “dattijo”, inda Latin ya ba da ma'anar yin aikin kaffara ya sa “tuba”. Kowace kalma a cikin ukun nan tana taɓa ikon limamai kai tsaye. A 1536 aka shaƙe shi aka ƙone gawarsa a Vilvoorde, kusa da Brussels. 'Yan Katolika sukan ce hukuncin na karkatacciyar koyarwa ne, ba na fassara ba, kuma a takarda haka yake. Amma a ganina wannan bambanci bai isa ya wanke kowa ba, domin fassarar ce ta mai da shi abin farauta tun farko.

Bayan ɓarkewar Furotesta, Roma ta ƙara ɗaure igiya. Dokar jerin haramtattun littattafai ta 1564 ta ce ba mai karanta fassarar harshen gida sai da rubutaccen izinin bishop ko alƙalin binciken aƙida, kuma a Italiya da Sifaniya wannan ya kusan zama hani baki ɗaya har zuwa 1757, lokacin da Paparoma Benedict na 14 ya sassauta ya yarda da fassarar da aka amince da ita. Amma 'yan Katolikan Ingila da ke gudun hijira sun fitar da tasu fassarar Turanci, Sabon Alkawari a birnin Rheims na Faransa a 1582, kusan shekara 30 kafin ta Sarki James ta 1611. Ƙanenki kuma ya kamata ya san cewa tsoron talaka da littafi a hannu ba na Roma kaɗai ba ne, domin a 1543 majalisar Henry, wadda ta riga ta fita daga ƙarƙashin Paparoma, ta hana leburori da manoma da masu koyon sana'a da matan talakawa karanta fassarar Turanci.

Matsayin Ikilisiyar Katolika a yau ya sha bamban da na ƙarni na 19, lokacin da paparomomi irin su Gregory na 16 a 1844 suka yi tir da ƙungiyoyin raba Littafi Mai Tsarki na Furotesta. A 1965 Babban Taron Vatican na Biyu ya ce a buɗe wa dukan masu bi hanyar samun nassi cikin sauƙi, ya kuma yarda a yi fassara tare da sauran Kiristoci. A ƙasar Hausa, aikin fassara ya soma ne a hannun mishan na Furotesta, aka samu cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932.

Akwai wani ƙorafi da yayan mijinki bai kawo ba, alhali shi ne mafi ƙarfi a nasa ɓangaren. Idan kika ajiye naki littafin kusa da cikakken bugun Katolika za ki ga naki yana da littattafai 66, nasu 73, kuma bakwai ɗin nan, irin su Tobit da Judit da Makabiyawa, 'yan Katolika sukan ce Furotesta ne suka raba jama'a da su. Luther bai jefar da su ba, ya tara su ne tsakanin Alkawari biyu a bugunsa na 1534 yana cewa ba su kai matsayin nassi ba amma karanta su yana da amfani, kuma suna cikin bugun Sarki James na farko. Sai a 1826 ne babbar ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya ta yanke shawarar daina kashe kuɗinta wajen buga su.