Ragar Tiyata Mai Tsada da Ƙabar Baba: Amsoshin Wasiƙunku

Wata baiwar Allah ta rubuto: "An yi wa mahaifina aikin hanji, wurin ɗinkin ya saki ya zama ƙaba, har yana fitar da mugunya. Likita ya ce akwai ragar roba, akwai kuma ta fatar dabba mai tsadar gaske. Mu sayar da kadara mu sa mai tsadar? Ko barci ba na iya yi."

'Yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ki kwantar da hankalinki, kada ki sayar da komai tukuna. Raga ita ce abin da likita ke ɗinkawa a wurin ƙabar don ƙarfafa tsokar ciki. Mai tsadar da ake magana ana yin ta da fatar alade, ko ta saniya, ko ta mutum. Ana wanke ƙwayoyin halittar da ke ciki tas, sai saƙar ta rage, naman majiyyaci ya tsiro ya ratsa ta. Likitoci sun rungume ta ne don tsoron kada ragar roba ta zama maɓoyar ƙwayoyin cuta a wurin da ya gurɓata, har a sake yanka don ciro ta. Tsoron yana da tushe. Amma a 2022 mujallar JAMA Surgery ta buga wani gwaji da aka yi a Amurka kan majiyyata 253 masu gurɓatacciyar ƙabar ciki. Cikin shekara biyu, ƙabar ta dawo wa kashi 20.5 cikin ɗari na masu ragar fata, masu ta roba kuwa kashi 5.6 kacal. Ga shi kuɗin ta fatar ya kai kusan ninki ɗari biyu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Mutum yana jin an ce "ta halitta ce, ba roba ba", sai ya zura hannu a aljihu. Ya ga tsada, ya ɗauka inganci ne. Wani ma kunya ce ke sa shi, kada dangi su ce ya yi wa tsohonsa rowa. To, tsokar ciki ba ta karanta rasit! A ƙarar da kuɗi kan raga, a rasa na magani da wankin ciwo na makonnin da ke tafe, wa aka taimaka? Ba na ce ragar fata ba ta da rana ba. Akwai cikin da ya ɓaci ƙwarai, likita ya ga ita ce mafita, ko ya ɗinke kawai ya ɗage sa raga sai wurin ya warke. Ki tambaye shi: me ya sa wannan ta dace da Baba? Zai iya haɗa tsokar ta rufu a kan ragar, ko cike giɓi kawai za ta yi? Idan cike giɓi ne, ta fata kan saki da sauri. Ki kuma tambayi da fatar me aka yi ta, haƙƙinku ne. In Baba na shan taba, ya ajiye ta aƙalla mako 4 kafin aiki. In da ciwon suga, a daidaita shi.

Wani ya ce ya ga raga da araha a intanet, ko ya saya ya kai wa likita? Haba Malam! Abin da za a binne a cikinka? A 2010 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta yi gargaɗi kan jabun raga ɗauke da tambarin sanannen kamfani. Ka bar asibiti ya samo, ka nemi a rubuta maka suna da lambarta a katinka.

Mai tambaya kan ɗamarar ƙaba, wato bel ɗin da ake ɗaurawa a kan kumburin: danne kumburi take yi, ba ta ɗinke tsoka. Ranar da kumburin ya yi tauri, ya ƙi komawa, ga ciwo ga amai, ka cire ta ka nufi asibiti a daren nan, don wataƙila hanji ne ya shaƙe.