Tambayoyinku: Na samu lasisin ba da shawara, zan iya fara aikin kaina ta intanet?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ban daɗe da samun lasisin ba da shawara kan damuwa da matsalolin rayuwa ba, kuma ina so in tsaya da ƙafata, in riƙa ganawa da masu neman shawara ta bidiyo daga gida maimakon kama ofis. Wasu abokan karatuna suna cewa na yi gaggawa, wasu kuma suna cewa kwamfuta da intanet mai ƙarfi sun wadatar. Ta ina zan fara?
Daga wata mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, barka da samun lasisi. Masu cewa kwamfuta ta wadatar sun raina aikin, domin abin da mutum yake rasawa idan ya zaɓi aikin kansa ta intanet shi ne abokan aiki da manyan da zai ƙwanƙwasa ƙofarsu a lokacin da lamari ya fi ƙarfinsa. A ganina wannan giɓin ne ya kamata ki fara cikewa, tun kafin ki yi tunanin talla.

Da farko ki koma ga hukumar da ta ba ki lasisin, ki tabbatar ko ya ba ki damar yin aiki ke kaɗai, domin a wurare da dama lasisin farko yana tare da sharaɗin cewa sai an yi aiki ƙarƙashin kulawar wani gogagge har a cika wasu sa'o'i. Ki kuma tambayi iyakar inda lasisin yake aiki. A Amurka, alal misali, jihohi ne ke ba da lasisi, kuma galibi abin da ake dubawa shi ne jihar da mai neman shawara yake zaune a lokacin ganawar, ba wadda mai ba da shawarar yake ba. Intanet ba ta san iyakar ƙasa ba, amma doka ta sani.

Ko da lasisinki bai wajabta ba, ki nemi wanda ya riga ki a aikin ya riƙa bibiyar aikinki a kai a kai, ko da za ki biya shi. Sabon mai ba da shawara yakan ɗauki nauyin da ba nasa ba, ko ya kasa lura cewa wanda yake gani yana bukatar likitan ƙwaƙwalwa da magani, kuma idon gogagge ne ke hango irin wannan da wuri.

Batun da ya fi nauyi shi ne halin gaggawa. Ki ƙaddara kina tsakiyar ganawa, matar da ke gabanki ta sunkuyar da kai ta ce ta gaji da rayuwa kuma ta tanadi abin da za ta sha, sai hoton ya tsaya cak, layi ya yanke. A ofis za ki iya zama da ita har taimako ya iso, amma ta bidiyo ba ki da komai sai abin da kika tanada tun farko. Saboda haka a farkon kowace ganawa ki tambayi inda mutum yake a daidai wannan lokacin, ki ajiye lambar wani makusancinsa da ya yarda a kira, ki san asibiti da lambar agajin gaggawa na yankinsa, sannan ku amince da hanyar da za ku sake haɗuwa idan layi ya katse. Wanda yake cikin haɗarin hallaka kansa, ko wanda hankalinsa ya gushe, bai dace da ganawar nesa ita kaɗai ba, kuma tura shi inda ya dace wani ɓangare ne na aikinki.

Sai kiyaye sirri. Ki yi amfani da manhajar da ke ɓoye bayanai, ki ware waya da adireshin imel na aiki, ki sa abin sauraro a kunne a ɗakin da ke rufe, kuma ki tambayi mai neman shawarar ko akwai mai jinsa a inda yake, domin sau da yawa wanda ake kuka da shi yana ɗaki na gaba. Ki san dokar kare bayanai da ta shafe ki, irin su HIPAA ta 1996 a Amurka ko GDPR da ta fara aiki a Tarayyar Turai a 2018. Duk wannan, tare da kuɗin ganawa, ƙa'idar soke alkawari da yanayin da zai tilasta miki bayyana sirri, ya shiga takardar amincewa da za a sa wa hannu kafin ganawar farko. Inshorar aiki ma a tabbatar ta ƙunshi ganawar nesa.

Game da talla kuwa, ki bayyana fannin da kika ƙware a kai ba tare da alkawarin waraka ba. Ƙa'idojin ƙungiyar masu ba da shawara ta Amurka na 2014 sun hana neman yabo daga waɗanda ake gani don yin talla, sun kuma hana ƙulla abota da su a shafukan sada zumunta, kuma na ga dacewar ki bi hakan ko a ina kike. Idan kina da aikin albashi, kada ki yi saurin ajiye shi. Ki fara da mutane kaɗan, ki ƙara yawansu gwargwadon yadda ke da mai kula da aikinki kuka ga za ki iya ɗauka.