Manhattan ɗin da ka samu ba ta Niyok ba ce

Ƙanena, saƙonka ya iso tun shekaranjiya, sai yau na samu sararin zama. Ka ce Jami'ar Jihar Kansas ta ba ka gurbin digiri na biyu a fannin noma amma babu tallafi, kuma dabararka ita ce ka sayar da filin gadonka ka biya zangon farko, sauran ka nema a nan, tunda a cewarka Manhattan ba a rasa aiki. Da na zo wurin nan sai da na ajiye wayar na yi dariya. Manhattan biyu ce. Wadda kake gani a talabijin da dogayen benaye tana Niyok. Tamu tana tsakiyar Amurka, kewaye da tuddai da ciyawa da shanu, kuma a ƙidayar 2020 mutanenta dubu 54 ne da 'yan kai. Unguwa ɗaya a Kano ta fi ta jama'a.

Sunan ma aro ne. A 1855, lokacin da ake ta ja-in-ja kan ko za a halatta bautar da bayi a yankin Kansas, wasu masu adawa da bautar suka taso daga gabas, cikinsu har da Isaac Goodnow, suka yada zango a mahaɗar kogin Kansas da kogin Big Blue don su ƙara yawan ƙuri'un ɓangarensu. Suka sa wa wurin suna Boston. Ba a jima ba wani jirgin ruwa mai suna Hartford, ɗauke da 'yan ci-rani daga Cincinnati, ya kafe a kogin kusa da su. Mutanen jirgin suka yarda su zauna, da sharaɗin a sauya sunan zuwa Manhattan. Har yau 'yan garin na kiransa Ƙaramar Tuffa, don tsokanar Niyok da ake wa laƙabi da Babbar Tuffa.

Abin da ya tsayar da garin da ƙafafunsa shi ne makaranta. A 1862 aka yi dokar Morrill, wadda ta ba jihohi filayen gwamnatin tarayya su sayar su gina kwalejojin noma da aikin hannu, a 1863 kuma aka buɗe ta nan. Ita ce jami'ar da ta kira ka, mai ɗalibai kimanin dubu 20. Yamma da gari akwai barikin soja na Fort Riley, wanda ya girmi garin kansa, tun 1853 yake nan. Na uku shi ne katafaren ɗakin binciken cututtukan dabbobi na gwamnatin tarayya, da ya ci sama da dala biliyan ɗaya, aka ƙaddamar da shi a 2023. To ka duba da kyau: makaranta, bariki, ɗakin bincike. Duk nonon gwamnati suke sha. Mai gidan haya, mai sayar da mota, mai gidan abinci a Aggieville, unguwar shaguna da ke gefen jami'ar, kowa aljihun ɗalibi da na soja yake kallo. Idan aka yi dogon hutu a watan Mayu, garin yakan yi tsit kamar kasuwar ƙauye ranar da ba ta ci.

Nan ne lissafinka ya karye. Bizar ɗalibi awa 20 kacal ta yarda ka yi aiki a mako lokacin karatu, kuma a cikin makaranta. Mafi ƙarancin albashi a Kansas dala 7.25 ne a awa. Ko an biya ka fiye da haka, kuɗin zai tafi ne a haya da cefane, ba zai taɓa kuɗin makaranta ba. Aikin ɓoye kuwa, a garin da kowa ya san fuskar kowa, ganganci ne, kuma idan aka soke takardunka ba fili ba digiri. Kusan duk ɗan Afirkan da na sani yana digiri na biyu ko na uku a nan, wani farfesa ne ya ɗauke shi mataimakin bincike, ake biyansa duk wata, a rage masa nauyin kuɗin karatu.

Ba ina kashe maka gwiwa ba ne, don a fanninka da wuya ka samu inda ya fi nan dacewa da kai. Kansas ce kan gaba wajen noman dawa a duk Amurka, sai dai su shanu suke ba wa, ko su yi man mota da ita. Ranar da na gaya wa wani manomi cewa tuwonta na ci na girma, kallona ya yi kamar na ce ina cin dusa. A 2013 jami'ar ta samu cibiyar binciken dawa da gero da ta yi aiki a Nijar da Senegal da Habasha, tun a shekarun 1960 kuma malamanta suka je Zariya suka taimaka wajen kafa tsangayoyin noma da likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello. Wannan tarihin jari ne a hannunka. Dawar da ka shekara kana yi wa noman farko da maimai, malaman nan a fili na gwaji suka san ta.

Saboda haka ka bar filin nan inda yake. Ka roƙi sashen su ɗage maka gurbin zuwa baɗi, ka nemo malaman da ke aiki kan dawa ko ƙasar noma, ka karanta abin da suka rubuta, ka aika wa kowa gajeriyar wasiƙa da ta nuna ka karanta ɗin. Ka turo min in duba kafin ka aika.

Idan Allah ya sa an dace, akwai masallaci a garin, ana Juma'a. Rago sai mu je gona mu saya, kayan miya irin namu kuma sai birnin Kansas, tafiyar awa biyu a mota. Kada ka sayi rigar sanyi a gida, ba za ta yi maganin iskar Janairu ba, akwai tawa da zan ba ka. Ka dai taho min da daddawa da kuka. Ka gaida Inna.