Ku Tambaya: Me ke sa furotin ya yi wa ƙwayar sha'ir yawa?

Tambaya: Ni ɗalibin aikin gona ne a Zariya. Malaminmu ya ce masu sarrafa malt (tsirarren hatsi da ake busarwa don yin abin sha) kan ƙi sha'ir idan furotin ya yi masa yawa. Yaushe furotin ke shiga ƙwayar, kuma ba yawansa ake so ba?

Amsa: Ɗalibi, ya danganta da mai saye. Mai haɗa abincin dabbobi yana so, mai malt kuwa yakan nemi kashi 9.5 zuwa 11.5 cikin 100, domin furotin mai yawa na rage sitaci, ya kuma kanannaɗe wanda ya rage, sukari ya ƙi fita sosai.

Furotin ɗin ajiya na sha'ir sunansa hodin, ya kai kashi 35 zuwa 50 na furotin ɗin ƙwayar. Yakan fara taruwa kamar kwana 10 zuwa 14 bayan fure, daidai lokacin da za ka matsa ƙwaya da farce ruwa fari kamar madara ya fito, har zuwa sanda ta yi tauri. Ya fi cunkushewa a gefe, kusa da dusa. Tsakiya ta sitaci ce. Abin da manoma da yawa ba su lura da shi ba: galibin naitirojin da ake gina hodin da shi ba sabon tsotso ba ne daga ƙasa, ajiyar ganye da kara ce tun kafin fure. Shi ya sa ganye ke yin rawaya zangarniya na cika.

Abu biyu ke ɓata lissafi. Takin yuriya (mai naitirojin) da aka watsa a makare, bayan zangarniya ta leƙo, ba ya ƙara yawan ƙwaya, furotin yake zama. Sai zafi da ƙishirwa: suna tsayar da sitaci da wuri, furotin bai damu sosai ba, sai a girbe ƙwaya a tamushe, kason furotin ya haura. Mai noman rani ya shuka da wuri, ƙwaya ta cika kafin sanyin hunturu ya wuce.

Akwai kuma batun farar wuta. Hodin iri-iri ne: nau'in B na buƙatarta, nau'in C kusan ba ruwansa da ita. Idan naitirojin ya yi yawa ita ta yi ƙaranci, C ne ke ƙaruwa. Takin supa na ɗauke da ita, a sa shi tun wajen shuka.

Ga mai kiwon kaji, hodin ba shi da wadatar laisin, wani sinadarin gina jiki da kaji ke buƙata, dole a cike da waken suya.