Fatawa: Mai ciki da jininta ya yi ƙasa, ga aikin fadama ga azumi

Tambaya: Malam, noman rani muke yi a fadamar Wurno. Maiɗakina na da cikin wata biyar, tana taya ni dashen shinkafa. Jiri na ɗibarta, cikin idonta ya yi fari fat. A wurin awo aka ce jini ya yi ƙasa, aka ba ta jajayen ƙwayoyi. Mahaifiyata ta ce suna sa ɗa ya yi girma haihuwa ta yi wuya, a bar wa Allah. Ga azumi ya matso.

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, ta sha maganinta. Annabi (SAW) ya ce mu nemi magani, ya kuma ce wa mai raƙumi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. A nan Sakkwato ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce kan magunguna. Abin da likitoci ke tsoro shi ne mace ta zo naƙuda ba jini, ta zubar da ɗan kaɗan ta galabaita. Ka lallashi Inna da ladabi, amma biyayyar iyaye ba ta kai ga cutar da wani ba, balle rai biyu.

Likitoci na kiran ƙarancin jini idan awon jinin mai ciki ya gaza 11, ƙasa da 7 kuwa ya yi tsanani. Masu aikin fadama sun fi shiga haɗari: ga sauro da zazzaɓinsa mai cin jini, ga tsutsar ciki da ke shiga ta tafin ƙafa in ana taka laka ba takalmi. Ta sha ƙwayar kullum, ba da shayi ba, don yana rage wa ƙwayar aiki. In bayan gida ya yi baƙi, ƙwayar ce. Ta karɓi Fansidar, maganin rigakafin zazzaɓin sauro, a wurin awo, ta kwana cikin gidan sauro.

Sai abin da ba ka tambaya ba. A mazhabarmu ta Malikiyya aikin gonarka bai wajaba a kanta ba ko lafiyarta ƙalau, ciyarwa kuwa wajibinka ce, kamar yadda aya ta 233 a Baƙara ta nuna. Ka fitar da ita daga laka, ka ɗauki ɗan ƙodago. Hanta, kifi, wake da zogale su shiga tukunya gwargwadon hali.

Azumi kuwa, in ta ji tsoro ga kanta ko cikin, ta sha, ta rama bayan ta samu sauƙi, babu ciyarwa a mashhurin zance, kamar yadda ya zo a Risala. In tsoron halaka ne, shan ya zama wajibi. Ƙarin jini ma halas ne in likita ya ce sai da shi.

Wallahu a'alam.